Mutumin da Ya Shafa wa Bututun Wuta Fenti

A wani gari, can inda kwalta ta gaji ta tsaya, akwai wani mutum manomi. Ba za a faɗi sunansa ba, domin danginsa suna da yawa, kuma wasunsu sun iya karatu.

Mutumin nan yana da 'ya guda ɗaya, sunanta Keziya. Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wani birni mai nisa, ta yi aure a can. Matarsa kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Tun da aka binne ta Keziya ta koma bakin aiki, ba ta sake taka garin ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, wata ma ta bi. A cikin haka Keziya ta haifi 'ya mace, ta sa mata sunan mahaifiyarta, ana kiranta Uwani. Kakan bai taɓa ɗaukarta ba. A fuskar salula kaɗai ya san ta, salular ma gilashinta ya tsage, sai ya riƙa ganin jikarsa rabi a sama, rabi a ƙasa.

Kowace Lahadi bayan sujada Keziya takan kira shi.

"Baba, ina wuni? Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi. Yaya amaryata?" Jikar yake nufi.

"Tana lafiya. Baba, ina so in zo, aiki ne ya..."

"Ba komai, 'yata. Riƙe aikinki. Mu nan lafiya lau muke."

Sai ya ajiye salular, ya ɗauki kujerarsa, ya fita ƙofar gida, ya zauna yana kallon hanyar da motar kasuwa take shigowa. An ce saboda yawan kallon nan wuyansa ya karkace zuwa gabas, har tela ya daina yanka masa wuyan riga a tsakiya.

Wata Lahadi sai maganar ta sāke. Keziya ta ce an ba ta hutun Ista, za ta zo, ita da Uwani.

Mutumin bai iya cin tuwo ba ranar. Ya zagaya gidansa yana dubawa kamar baƙo. Ista a tsakiyar bazara take faɗuwa, lokacin da ko ƙadangare yakan nemi inuwa, ga shi yarinyar haihuwar birni ce. Akwai wani sabon ɗaki da ya gina can ƙarshen gida, kusa da mangwaro, bai taɓa gaya wa kowa don wa ya gina shi ba. Ya ce a ransa, lalle ɗakin nan ya sami fitila da fanka kafin su iso.

Mai aikin wuta na garin kuwa taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, sunansa Habila. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Habila ya zo ya duba gidan, ya leƙa rumbu, ya girgiza kai.

"Bawana, ɓerayen gidanka sun fi awakinka ƙiba. In na bar musu waya a fili, kafin safiya sun yi taliya da ita. Sai dai a bi da ita cikin bututun ƙarfe."

"Bi da ita cikin duk abin da ka ga dama, ɗan bawan gidanmu. Ni dai fanka ta juya."

Habila ya kama aiki. Ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe a ƙasa bayan zaure, ya ɗaura mata waya mai kauri zuwa akwatin fiyus. Daga akwatin ya fara jera bututu a jikin bango. Bakin kowane bututu yana da haƙora irin na noti, ana murɗa shi cikin ɗan guntun mahaɗi, a murɗa na gaba ta ɗaya gefen, a ɗaure da sifana. Haka ya yi zaure, ya yi ɗakin maigida. Sauran bututun, na doguwar tafiya zuwa ɗakin mangwaro, ya yanka su, ya fitar musu da haƙora, ya jingine su. Sai aka aiko masa an yi rasuwa a dangin matarsa a wani gari. Ya tattara kayansa.

"Kada ka taɓa mini komai sai na dawo."

"Me zan taɓa? Ni na ce maka ina sha'awar ƙarafanka?"

Habila bai kai tasha ba mutumin ya tsaya a kansu. Ya ga ƙarafa ne masu launin toka, marasa fara'a. Ya ce, yanzu wannan abin jikata za ta buɗe ido ta gani? Kuma shi mutum ne da ya san halin ƙarfe. Ƙofar gidansa, amalankensa, garmar shanunsa, duk shekara sai ya shafa musu fenti, shi ya sa tsatsa ba ta san shi ba. Ya tafi kasuwa ya sayo fenti shuɗi, irin launin zanen da matarsa takan ɗaura ranar Ista.

Ya shafa wa bututun ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan haƙoran, ya tuna tsatsa daga baki take farawa, sai ya riƙa tsoma bakin kowane bututu cikin gwangwanin. Mahaɗan kuma ya samo gashin kaza ya shafe cikinsu tsaf. Ya shanya su a rana suka bushe, ya sāke musu wani shafin don alheri ya yi yawa. Ragowar fentin ya ba ƙofa, ya ba taga, ya ba murfin randa. Zakaran gidan ya zo wucewa, shi ma ya sami rabonsa, har kajin unguwa suka daina amsa masa gaisuwa.

Da komai ya bushe, ya ce ai ya ga yadda Habila yake yi. Ya murɗa bututun da hannunsa, inda ya cije ya bar shi nan, ya kafa su a bango tun daga ɗakinsa har ɗakin mangwaro. Ya ja da baya ya duba. Gaskiya sun yi kyau.

Habila ya dawo ya tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Na ce kada ka taɓa."

"Ban taɓa ba. Gyarawa na yi."

Lokaci ya ƙure, Habila bai ja maganar ba. Ya ɗauka a bango aka shafa fentin bayan an haɗa. Ya zura wayoyi, ya ɗaura fitila da fanka da soket. Ya juya zai ɗauko jakarsa ke nan, mutumin ya riga ya danna makunni. Fitila ta kama. Fanka ta yi miƙa, ta fara juyawa. Mutumin ya tsaya a ƙarƙashinta, ya cire hula, ya rufe ido.

"Kashe," in ji Habila. "Ban gwada ba tukuna."

"Me ya rage a gwada? Makaho ne kai?"

Habila ya je ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya fito da wani ɗan akwati rawaya mai wayoyi biyu, kowace da tsinken ƙarfe a bakinta. Idan akwai hanya daga wannan tsinke zuwa wancan, akwatin yakan yi kuka kamar ɗan tsako, ya nuna lamba, kuma ƙaramar lamba ake so. Ya ɗaura doguwar waya a inda wayar sandar ƙasa ta shigo akwatin fiyus, ya ja ta yana tafiya. A zaure ya dangwala tsinke a jikin bututu, akwatin ya yi kuka. A ɗakin maigida ya yi kuka. Da ya kai kan shuɗin bututu, ya kankare ɗan wuri da wuƙa, ya dangwala. Shiru. Ya matsa gaba. Shiru. Ya shiga ɗakin mangwaro, ya taɓa ƙarfen soket. Ko tari akwatin bai yi ba.

"Bawana, fentin nan, kafin ka haɗa ka shafa, ko bayan ka haɗa?"

"Kafin mana. Har ciki. Da gashin kaza."

Habila ya nemi dutse ya zauna.

"Saurara. Wayoyi biyun da ke ciki, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar. Su ne suke juya maka fanka. Amma akwai hanya ta uku, ta ranar tsautsayi, ita ce bututun kansa. Ran da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, wutar za ta bi bututu daga gaɓa zuwa gaɓa har sandar da na kafa, ta shige ƙasa da gudu, fiyus ya ƙone, ku zauna a duhu kuna zagina. Wannan shi ne alherin. To, kai ka sa fenti tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Suna kusa da juna, amma ba su taɓa juna ba. Ran da abin ya faru, wutar ba ta da wurin zuwa. Za ta zauna cikin bututun nan shiru, fitila na ci, fanka na juyawa, tana jiran hannu."

"Wayar ta goge ne yanzu?"

"Ba ta goge ba."

"Yaushe za ta goge?"

"Wataƙila baɗi. Wataƙila bayan mun mutu. Wataƙila jibi."

"Me za a yi?"

"A zare wayoyi, a kwance kowace gaɓa, a kankare har ƙarfe ya yi fari, a mayar, a ɗaure da sifana."

Mutumin ya dubi bango, ya dubi hanya. An riga an shiga makon Ista. Ya san ba za a gama ba kafin su iso.

"Ba zan tarbi 'yata da duhu da tarkace ba. Shekara nawa ina jira? A bari sai sun tafi."

"Ni dai ban ba ka wannan layin ba," in ji Habila. Ya zare fiyus ɗin ɗakin mangwaro, ya sa a aljihu, ya tafi.

Amma fiyus ba a aljihun Habila kaɗai yake ba, akwai shi a kasuwa. Washegari mutumin ya sayo nasa ya cusa. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin, ya kunna fanka, ya zauna shi kaɗai. Ya riƙa duban inda Keziya za ta ajiye akwatinta, da inda za a kwantar da yarinyar. Ya gwada muryar da zai kira ta da ita, ya ji ba ta yi ba, ya gwada wata.

Yana nan zaune salula ta yi ƙara, ko da yake ba Lahadi ba ce.

"Baba, albishirinka. Amaryarka ta fara tsayuwa. Duk abin da ta gani sai ta kama ta miƙe. Ƙafar tebur, zanena, jiya har wutsiyar kyanwar maƙwabta. Ka ɓoye duk abin da kake so."

Ya yi dariya, suka yi sallama. Ya ajiye salular a kan tabarma. Sa'an nan, da ƙafarsa mai ciwo, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sauko da kansa daidai tsayin mai rarrafe, ya duba ɗakin daga nan. Bango fari ne. Tabarma ba ta da abin kamawa. Abu ɗaya ne yake sheƙi, ya sauko daga sama har kusa da ƙasa inda soket yake, shuɗi, siriri, daidai tafin ƙaramin hannu. A duk ɗakin babu abin da ya kai shi kyau. Shi da kansa ya mai da shi haka.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, ya je ya zare fiyus ɗin, ya nufi gidan Habila.

"Ɗauko sifanarka."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ɗauko."

Fenti kuwa yana da wani hali: shiga da sauƙi, fita da rigima. Suka zare wayoyi, suka kwance bututu, suka baje su a gindin mangwaro. Burushin waya, samfefa mai kaushi ta goge ƙarfe, kananzir, tsinke don cikin haƙora. Habila yana kankara yana yi wa kazar da ta ba da gashinta addu'ar da ba za a rubuta a nan ba.

A haka motar kasuwa ta same su. Mutumin da ya yi shekaru yana gadin hanya, ranar da aka zo ba ya ƙofar gida. Sai sallama ya ji a tsakar gida. Ya ɗaga kai, ga Keziya da goyo, ga shi zaune a ƙasa cikin tarkace, gemunsa shuɗi, bangon gida duk ramukan ƙusa, ba fitila, ba fanka.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida Kawu Habila. Ta kwance goyon ta miƙa masa. Ya dubi hannuwansa, ya goge su a riga, ya sāke gogewa, sa'an nan ya karɓa. Yarinyar ta kama gemun ta ja. Ya rungume ta a ƙirjinsa.

Habila ne ya ba da labarin, ya ƙara masa gishiri yadda ya ga dama. Keziya ta yi dariya har ta share ido. Da ta huta, ta ɗaura zane a kan rigarta, ta ɗauki samfefa, ta zauna kusa da mahaifinta. Habila ya ce zai je ya ga wani aiki, alhali ba shi da wani aiki.

Suka yi ta kankara, ba mai duban wani.

"Baba, launin zanen Mama ne."

"Shi ne."

Ta juya bututun a hannunta. "Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba. Ina tsoron in shigo in yi sallama, ba ita ce za ta amsa ba. Kuma kullum kana cewa lafiya lau kake, sai na ce to, ni kaɗai ce abin ya dama."

Ya hura ƙurar fenti daga haƙoran da ke hannunsa.

"Ban yi lafiya lau ba ko sau ɗaya. Na ga kina da miji, kina da aiki. Na ce kada in zama miki kaya."

Suka ci gaba da kankara. A ranar ba su gama da yawa ba.

Sai bayan Ista aka mayar da gaɓa ta ƙarshe. Habila ya ɗaure kowace da sifana har ta yi ƙara. Maƙalin doguwar wayarsa ya karye, sai ya sa maigida ya tsaya a zaure ya danne bakinta da hannu a jikin ƙarfen akwatin fiyus, wuta a kashe. Habila da Keziya suka ja ɗaya bakin zuwa ɗakin mangwaro. Ya ba ta tsinken, ya nuna mata ƙarfen soket.

Daga zaure mutumin ba ya ganin komai. Yana dai danne da waya, yana kasa kunne. Sai ya ji wani siririn kuka daga ƙarshen gida, bayansa kuma muryar 'yarsa.

"Baba, ya yi. Kawu ya ce lambar ƙarama ce. Ka saki."

Bai saki nan da nan ba.

Kwanan da ya rage musu kaɗan ne, a ƙarƙashin fanka suka yi shi. Uwani ta rarrafa ta kama bututun, wanda yanzu gaɓoɓinsa duk sun zama dabbare-dabbare, ta miƙe tsaye, ta waiwayo tana jiran a yaba mata. Kakan ya tafa mata. Hutu ya ƙare, suka koma birni. Ya raka su har mota, ya tsaya har ta ɓace.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Bututun nan mu ne, yadda Ubangiji ya jera mu, wannan a bakin wancan: uba da 'ya, miji da mata, wa da ƙane, ɗan'uwa da ɗan'uwa a cikin ikilisiya. Fitila da fanka su ne abin da ido yake gani. Muna zuwa sujada, muna waƙa, muna ba da baiko, muna gaisawa a ƙofar majami'a har hannu ya gaji. Duk wannan yana iya ci gaba shekara da shekaru alhali hanya ta uku a yanke take, ba wanda ya sani.

Fentin kuwa, ku lura, ba mugunta ba ce. Mutumin nan ba don ƙeta ya shafa shi ba, don ƙauna ya shafa, yana gudun tsatsa. Namu fentin shi ne "ba komai" da "lafiya lau" da "ya wuce", waɗanda muke tsoma bakinmu a ciki don kada mu dami juna. Wasunmu shafi biyu muke yi. Akwai waɗanda suka iya aiki da gashin kaza. Sai ka ga mutum biyu a gida ɗaya, kwano ɗaya, suna kusa da juna, ba su taɓa juna ba.

Ranar tsautsayi kuma tana zuwa wa kowane gida: rashi, fushi, faɗuwa cikin zunubi, baƙin ciki da ba shi da suna. Ubangiji ya shirya wa wannan wuta hanya. Nufinsa ta bi daga zuciya zuwa zuciya, cikin faɗar gaskiya da gafara da addu'a tare, har ta kai gare shi, gama shi kaɗai ne yake iya shanye ta bai ƙone ba. Amma in ta zo gaɓa ta tarar da fenti, sai ta zauna cikin mutum shiru. Kuma sau da yawa ba wanda ya shafa fentin take kamawa ba. Ƙaramin da ya zo neman abin da zai dafa ya miƙe, shi take samu.

Ku lura da yadda ake gwajin. Sai an kashe fitila tukuna, domin muddin tana ci kowa zai ce lafiya. Ba a tsayawa a zaure, inda kowa ya san hanya tana da kyau, sai an kai ɗaki mafi nisa. In an tarar a yanke, kankara ba ta da daɗi, kuma gidan zai yi muni kafin ya yi kyau. Mai yiwuwa wanda kake marmarin gani ya same ka a zaune cikin tarkace. Bari ya same ka. Wataƙila shi ma samfefa yake nema.

Kowannenmu yana da ɗakin mangwaro, yana da wanda yake kewa bai taɓa gaya masa ba. Na wani yana birni mai nisa, sai an kira shi. Na wani kuwa a benci ɗaya suke zaune da shi yau da safe.

Kada ku waiwaya yanzu. Ku bari a tashi daga sujada.